MUHAMMADU BAKATSINE GWANIN HISABI: TSABAR AIKINSA DA ƘAIƘAYINSA

Ɗan makaranta in ya buɗe littafin lissafi, sunayen da ya kan tarar na mutanen Girka ne, da na Larabawa, da na Turawa. Sabo da haka ba laifinsa ba ne in ya zaci kakanninmu ba su san kome game da lambobi ba, sai ƙidayar wuri a kasuwa. To, yau ga labarin wani malami Bafilatani na ƙasar Katsina, wanda ya koyar da hisabi a birnin Alƙahira, har ya rasu can cikin shekara ta 1741. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Larabawa suna ce da shi Alfulani Alkashinawi Assudani, watau Bafilatani, Bakatsine, mutumin ƙasar baƙar fata.

Yabon gwani ya zama dole, amma aikinmu a wannan shafi awon littattafai ne. Za mu zuba aikin malamin nan a faifai mu sheƙe, mu ga ina tsaba ina ƙaiƙayi. Abin da za mu tarar kuwa abu biyu ne a cakuɗe. Akwai lissafi wanda ko wane yaro ke iya gwadawa da kansa, akwai kuma da'awar asiri wadda ba mai iya gwada ta. Na farkon shi ya raya sunansa har yau, na biyun kuwa shi ya sa 'yan'uwansa suka kusa mantawa da shi.

DAGA KATSINA ZUWA MASAR

Katsinan da ya tashi a cikinta gari ne na malamai. Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, sun riga sun kafa mata suna wajen ilmi. Fatake kuma suna ƙetaro hamada da littattafai tare da sauran haja. Muhammadu ya yi karatu wurin malamai da dama na ƙasar Sudan. Cikinsu akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi, masanin tauhidi, da Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa hisabi, da sanin lokatai, da ilmin haruffa da hatimai, bisa hanyar malaman Magrib. Ya ƙware ga nahawu har wani malaminsa ya yi masa laƙabi da Sibawaihi, sunan uban masu nahawun Larabci. Kafin wannan kuwa laƙabinsa Mai Maƙama, don ya hardace ta.

Daga nan ya ɗauki hanyar gabas. A wancan zamani tafiya Makka ba abin wasa ba ce: mutum ya kan ratsa ƙasashe da yawa a ƙasa ko bisa raƙumi, ya sauka wurin sarakuna da malamai, inda ya tarar da wanda ya fi shi sani sai ya yada zango ya yi karatu. Haka Muhammadu ya yi. Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142 ta Hijira, watau 1730, ya zauna Makka wani lokaci, sa'an nan ya wuce Alƙahira.

A can ya sadu da Shaihu Hasan Aljabarti, ɗaya daga manyan masana lissafi da falaki na Masar, wanda ya ɗauki ilmin hatimai a wurinsa. A gidan Hasan ɗin nan ajali ya same shi a shekara ta 1154, watau 1741. Ya bar masa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya yi masa sutura, aka binne shi a maƙabartar da a ke kira Bustanul Ulama, aka rubuta sunansa a kan kabarin. Bayan rasuwarsa da shekara 12 aka haifa wa Hasan ɗa, Abdurrahman, wanda ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar. Shi ya sa labarin baƙon ubansa cikin littafinsa mai suna Aja'ibul Asar, daga nan kuwa aka sami yawancin abin da muka faɗa yanzu.

LITTATTAFANSA

Duk da Larabci ya yi rubutu, kamar sauran malaman zamaninsa. Cikin nahawu ya bar Bulugul Arab. Cikin manɗiƙi, watau ilmin auna hujja, ya tsara Minahul Ƙuddus a waƙe bisa Muhtasar na Shaihu Sanusi, sa'an nan ya yi mata sharhi da kansa. Wannan ne ya sa a ke lissafa shi cikin masu falsafa. Amma biyu ne suka fi shahara. Ɗaya Addurrul Manzum, a kan ɗalasimai da taurari. Ya fara shi a Makka, ya gama a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, ya kuwa gina shi bisa wani tsohon littafi na Fahruddin Arrazi. Ɗayan Bahjatul Afaƙ, na shekara ta 1145, watau tsakanin 1732 da 1733, a kan haruffa da hatimai. Wannan na biyun shi ne abin dubawarmu.

MENE NE HATIMI?

Yaron Kabo ko na Gwarzo ba ya bukatar a kwatanta masa hatimi. Ya gan shi a gindin allon malami, an zana gida gida, an cika da haruffa ko lambobi. Ya san a kan wanke a sha, ko kuwa a rubuta a takarda a kai wa baduku ya ɗinke ta zama laya. Abin da wataƙila bai taɓa yi ba shi ne ya tsaya ya haɗa lambobin. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida tara:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

Haɗa ko wane layi a kwance, 15 za ka samu. Haɗa a tsaye, 15. Haɗa daga kusurwa zuwa kusurwa, 15. Lambobin kuwa daga 1 zuwa 9 ne, ba a maimaita ko ɗaya ba, ba a tsallake ko ɗaya ba. Larabawa suna kiransa wafaƙi, don layukansa duka sun yi muwafaƙa.

A lissafin abajada ko wane harafi yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa dubu. In ka mai da lambobin kusurwoyin nan huɗu haruffa, watau 2, 4, 6, 8, sai su ba ka ba, dal, wau, ha ƙarami. Daga nan kalmar buduhu ta fito, wadda a kan gani cikin layu daga nan har ƙasar Hindu.

Wanda ya yi haƙuri yana iya dace da hatimi mai gida tara ta hanyar lalube. Amma mai gida 25 fa, ko 49, ko 121? Nan lalube ba ya kai mutum ko'ina, sai da ƙa'ida. To, ƙa'idodin nan su ne tsabar littafin Muhammadu.

Ta farko ita ce sanin jimlar layi tun ba a rubuta kome ba. Ɗauki yawan gidajen layi ɗaya, ka ninka shi da kansa, ka ƙara 1, ka raba biyu. Abin da ya fita shi ne lambar tsakiya cikin jerin lambobinka. Ninka ta da yawan gidajen layi, ka sami jimla. Ga misali mai biyar: biyar sau biyar 25, da ɗaya 26, rabinsa 13, sau biyar 65. Mai bakwai jimlarsa 175, mai tara 369, mai goma sha ɗaya 671.

Ta biyu ita ce yadda a ke jera lambobin cikin hatimin da layinsa wutiri ne, watau 3, 5, 7, 9, da sauransu. Ga wata tsohuwar hanya ta malaman Larabawa, daga irin waɗanda malaminmu ya tattara. Sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan ka riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. In ka faɗa waje ta ƙasa, shigo ta sama. In ka faɗa waje ta dama, shigo ta hagun, kamar dai an naɗe allon bakinsa ya haɗu da baki. In ka tarar gidan da za ka shiga da mai shi, to, koma inda ka ke tsaye, ka sauka gida biyu sak, ka ci gaba. Ga abin da zai fita:

11   24    7   20    3
 4   12   25    8   16
17    5   13   21    9
10   18    1   14   22
23    6   19    2   15

Gani ya kori ji. Ɗauki alƙalami ka haɗa, ko ta ina ka bi 65 ne. Da wannan hanya ɗin aka gina mai gida taran da ke sama, da ita kuma za ka gina mai gida 121 kafin tawada ta bushe.

INA DALILI?

Littattafan wannan fanni na zamanin da galibinsu sun fi koya wa almajiri yadda zai yi, ba su cika tsayawa su nuna masa abin da ya sa ya yiwu ba. Mu kuwa bai kamata mu wuce ba mu tambaya ba, gama matambayi ba ya ɓata.

Raba lambobin nan 25 gida biyar, kamar zuriya biyar: 1 zuwa 5, 6 zuwa 10, 11 zuwa 15, 16 zuwa 20, 21 zuwa 25. Ko wace zuriya tana da ɗan fari, da na biyu, har zuwa auta na biyar. Yanzu dubi layin sama: 11, 24, 7, 20, 3. Ko wace zuriya ta aiko da mutum ɗaya. Sake dubawa: 11 ɗan fari ne a gidansu, 7 na biyu, 3 na uku, 24 na huɗu, 20 auta. Ashe ko wane matsayi shi ma ya zo sau ɗaya. Zuriyoyin sun kawo 0, 5, 10, 15, 20, jimla 50. Matsayin kuwa ya kawo 1, 2, 3, 4, 5, jimla 15. Hamsin da goma sha biyar, 65. Ko wane layi ka duba, a tsaye ko a kwance, haka za ka tarar, don tafiyar karkace ba ta barin 'yan gida ɗaya su haɗu a layi ɗaya.

Saura kusurwoyi. Ɗaya ta ɗauki 11 zuwa 15, watau zuriyar tsakiya dukanta. Ɗayar ta ɗauki 3, 8, 13, 18, 23, watau 'ya'yan tsakiya na ko wane gida. Tsakiya sau biyar daidai ta ke da a ɗauki ɗaya ɗaya daga ko'ina. Abin da ya sa aka ce a fara daga ƙarƙashin gidan tsakiya ke nan. Iyakar asirin hatimi ke nan, ba aljani a ciki, ba tauraro.

INDA YA CANCANCI YABO

Mutane sun kasu biyu game da malamin nan, ko wane ɓangare kuwa ya yi kuskure.

Waɗansu, don kishin ƙasa, suna cewa shi ya ƙago ilmin hatimi. Ba haka ba ne. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun zamani mai nisa. A Bagadaza, cikin ƙarni na 10, Abul Wafa Albuzjani ya rubuta littafi guda a kan gina hatimai, malaman nan da a ke kira Ihwanus Safa kuma sun kawo su cikin risalolinsu. Ahmadu Albuni, wanda ya rasu wajen 1225, shi ya fi kowa yaɗa su cikin sha'anin asiri. Muhammadu ya tarar da gonar an daɗe ana nomanta. Wanda ya ɗora masa abin da bai yi ba ya cuce shi, don ranar da aka gane ƙaryar har gaskiyar za a haɗa a ƙi.

Waɗansu kuma, don sun ga sunan ɗalasimai a bangon littafinsa, sai su ce ai malamin tsibbu ne kurum, ba abin koyo a wurinsa. Su ma sun ɓata. Mai tsibbun da muka sani kwafar hatimi ya ke yi daga tsohon kundi. In tawada ta cinye lamba ɗaya, haka zai kwafa da ɓarnar, almajirinsa ya kwafa daga gare shi. Muhammadu kuwa ya san yadda a ke gina abin tun daga tushe. Ya tattara hanyoyi daban daban, ya jera su, ya bayyana su yadda mai karatu zai bi da hannunsa ya ga sun fita. Cikinsu har da masu tafiyar doki, watau tsallen gida biyu a miƙe da ɗaya a gefe, irin na dokin wasan shaɗaranji. Wanda ya ba ka hatimi ɗaya, ɗaya ɗin ke gare ka. Wanda ya ba ka ƙa'ida ya ba ka duk waɗanda ba a zana ba tukuna. Bambancin malamin lissafi da mai kwafa ke nan.

Ku lura kuma da inda ya samo wannan sani. A ƙasar Sudan ya koya, wurin malamai baƙar fata, sa'an nan ya ɗauka ya kai Masar, garin Azhar, aka karɓa daga hannunsa. Mun saba da jin ilmi ya zo mana daga gabas. Ga lokacin da ya tashi daga nan ya tafi can.

Ba shi kaɗai ne ke wannan aiki a duniya ba a zamanin nan. Wani jakadan Sarkin Faransa mai suna La Luber, da ya komo daga Siyam, ƙasar da a ke kira Tailan yanzu, ya buga wata hanya ta gina hatimin wutiri a 1691, 'yar'uwar wadda muka nuna, asalinta daga Surat ta ƙasar Hindu. A 1693 aka buga aikin wani Bafaranse, Farenikil, wanda ya ƙidaya hatimai masu gida 16 ya sami 880. A Amurka kuma Benjamin Faranklin, sa'ad da ya ke magatakardan majalisa wajen 1736, ya kan zana hatimai in dogon zance ya ishe shi. Bakatsinen nan sa'ansu ne a wannan fage, ba ya jin kunyar zama kusa da ko wanensu.

INDA MUKA RABU DA SHI

Zuma da zaƙi, da harbi. Malamin bai ɗauki hatimi lissafi tsantsa ba. A ganinsa, da ganin yawancin masu wannan fanni, haruffa da lambobi suna da wani ƙarfi ɓoyayye, wanda in an dace da sa'a da tauraro zai yi aiki cikin al'amuran mutane. An raba wa taurari bakwai hatimai: mai layi uku na Zuhalu, mai huɗu na Mushtari, haka har mai tara na Wata. Mai gida taran nan ma an daɗe ana rubuta wa mace mai naƙuda. Addurrul Manzum cike ya ke da irin wannan.

To, mu auna shi da ma'aunin da shi kansa ya koyar. Mai manɗiƙi ya san ba a karɓar sakamako sai an tabbatar da abin da aka gina shi a kai. In ka ce layi ya ba da 65, sai in haɗa in gani. In ka ce hatimin ya jawo farin jini, da me zan haɗa? Wanda ya ɗaura laya ya sami biyan bukata zai ce ita ce. Wanda bai samu ba sai a ce masa ya kuskure sa'a, ko ya yi shakka a zuciyarsa. Maganar da ba ta da hanyar faɗuwa, ba ta da hanyar tabbata.

Ga wata hujja kuma daga cikin gidan. Lissafin abajada iri biyu ne. A hanyar Magrib, wadda malamanmu suka bi, har su ke sa ramzin shekara da ita a ƙarshen waƙoƙinsu, shin 1000 ne, sin kuwa 300. A hanyar gabas, ta Masar da Makka, shin 300 ne, sin 60. Shekarar rasuwar Muhammadu, 1154, in Bakatsine ya rubuta ta da shin, ƙaf, nun, dal, Bamisire zai karanta 454. Sunan Musa a Katsina adadinsa 356, a Alƙahira 116. To, in ƙarfin suna cikin adadinsa ya ke, wane adadi daga cikin biyun? Musa ɗaya ne, hatiminsa ya zama biyu da ƙetare hamada. Amma 4 da 9 da 2 goma sha biyar ne a Kabo, goma sha biyar ne a Alƙahira, goma sha biyar ne a birnin Sin.

Ba kuwa mu muka fara wannan suka ba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya jingina ilmin asirin haruffa kusa da sihiri cikin Muƙaddimarsa. Shaihu Almagili ya soki masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari cikin amsoshin da ya ba Askiya Muhammadu na Songai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi irin wannan horo cikin Nurul Albab.

Aibi na biyu ya fi na farko ɓarna, ko da ya ke daga gare shi ya fito. Da ya ke an ɗauki abin asiri ne, sai aka ce a ɓoye shi. Muhammadu da kansa ya hori mai koyo ya yi aikinsa a keɓe, kada ya watsa wa kowa da kowa. Ilmin da aka ɓoye kuwa ba ya girma. Ba mai gyara kuskurensa, ba mai ƙara masa, in mai shi ya mutu sai ya bi shi kabari, ko ya saura cikin gafaka gara ta ci.

Dubi abin da ya faru inda aka baza shi a fili. Wani gwanin lissafi mutumin Suwizalan, Oila, ya lura da abin nan na zuriya da matsayi da muka nuna, ya ware shi ya yi masa bincike, aka buga a 1782. Waɗansu suka karanta suka ƙara. Cikin 1926 wani Bature mai suna Fisha, a gonar gwaji ta Rotamsted a Ingila, ya nuna yadda za a yi amfani da wannan jeri wajen gwada taki. In kana da taki iri biyar, sai ka yanka gona fegi 25, ka jera yadda ko wane iri zai faɗo sau ɗaya a ko wane layi, a tsaye da a kwance. Ta haka gefen fadama ba zai fifita wani ba, gefen jigawa ba zai zalunci wani ba, sai a san takin da ya fi da gaske. Masu binciken aikin gona da na magani suna aiki da wannan tsari har yau. Iri ɗaya ne aka shuka nan da can. Can an bar shi ya sha rana ya yi hatsi, nan an ƙulle shi cikin fata an rataya a wuya.

A YI MASA ADALCI

Duk da haka kada ɗan makaranta ya ɗaga hanci. Ba a auna mutum sai da mudun zamaninsa. Kefla, wanda ya gano yadda taurari ke kewaya rana, ya rasu a 1630, ya kuwa yi shekaru yana duba wa manyan mutane taurarin haihuwarsu. Niyuton, wanda ya rasu a 1727, shekara uku kafin hajjin Muhammadu, ya cika takardu masu yawa da binciken alkimiya, sana'ar masu neman mai da dalma zinariya. Ba wanda ya jefar da lissafinsu don wannan. An sheƙe, an ɗebi tsaba. Haƙƙin da aka ba su shi za a ba namu.

Akwai kuma abin da ba za a ƙwace masa ba, watau naci. Mutum ya bar garinsu, ya ratsa Sudan, ya zauna baƙo a Makka da Masar, cikin 'yan shekaru ya gama manyan littattafai a fanni uku ko huɗu. Ya kuma gargaɗi almajiri kada ya yi saurin fid da rai in hatimi ya ƙi fita. Wannan gargaɗi yana da amfani ga mai jarrabawa a bana kamar yadda ya ke da shi a 1732.

YADDA SUNANSA YA KOMO GIDA

Yawancin littattafansa a Masar suka saura, wani kwafi na rubutun hannu kuma ya kai London, yana ajiye a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta jami'ar garin. An buga Addurrul Manzum a Alƙahira, ya shigo kasuwanninmu, masu neman asiri suna saye, da yawansu ba su san mai shi maƙwabcinsu ne ba. A rashin sani kaza ta kwana kan dami.

Abin alfahari ga 'yan makarantar yammacin Kano shi ne, cikin waɗanda suka fara tono wannan aiki a zamanin nan akwai Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Babban Alƙalin Shari'ar Musulunci na Jihar Kano. A 1967 ya buga maƙala a kan hisabin Muhammadu cikin mujallar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. A 1973 wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa hanyoyinsa cikin littafinta na lissafin mutanen Afirka, daga nan sunansa ya shiga makarantun ƙasashe da yawa. A 1994 kuma Jacques Sesiano na Suwizalan ya yi nazarinsu ya buga da Faransanci. Gwarzo a bakin iyakar Katsina ta ke, ba mamaki in ɗanta ne ya riga waɗansu tuna maƙwabci.

Hukuncinmu dai shi ne, Bahjatul Afaƙ littafi ne na gwani, ya kamata a fassara sashensa na lissafi da Hausa a sa a hannun 'yan makaranta, tare da dalilin ko wace ƙa'ida. Sashen asiri kuwa a bar wa masu tarihi, su san abin da mutanen da suka gaskata.

Kafin a sami mai fassarawa, ga aikin gida. Zana gida 25. Sa 1 a kusurwar sama ta hagun. Yi tafiyar doki, gida biyu ƙasa, ɗaya dama, kana shigowa ta ɗaya gefen in ka faɗa waje. Duk sa'ad da ka cika lamba biyar, hau gida ɗaya sama ka sa ta gaba. In ka bi daidai, layin sama zai fita 1, 14, 22, 10, 18. Sa'an nan ka bincika wace fifiko wannan hatimi ya ke da ita bisa wanda muka zana, ka dubi layukan karkace da suka karye suka shigo ta ɗaya gefen. Wanda ya gano, kada ya ɓoye. Ya rubuta a babban allo gaban aji, ya bayyana dalili, ya bar 'yan'uwansa su nemi kuskurensa.